Na fara koyon ɗinki ina da shekara 47, gida kuma ya ɗauki zafi

Abban Sadiya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya ishe ni sai na yi magana. Shekarata 47, aikin gwamnati nake, kuma saura shekara takwas in cika shekara 35 ɗin aiki da doka ta yanka, in yi ritaya. Bayan ƙaramar sallah na zauna na tambayi kaina, ranar da aka karɓe teburin nan da kujerar nan, me hannuna ya iya? Wallahi ban samu amsa ba. Ko maɓallin riga ne ya cire sai na jira an ɗinka mini.

Tun ina yaro a Tudun Wada nake sha'awar keken ɗinki. Akwai wani tela a zauren maƙwabtanmu, in mun taso daga makarantar allo sai in tsaya ina kallon ƙafarsa a kan feda har a aiko kirana. Shi ne na samu wani tela kusa da Kasuwar Barci muka daidaita, Litinin zuwa Alhamis in na tashi daga ofis in zauna wurinsa har magariba. Yau sati shida ke nan.

Hannuna ya ƙi. Layi miƙaƙƙe ma har yanzu karkacewa yake, alhali yaran shagon 'yan shekara 14 da 15 suna yi suna hira. Abokan majalisa sun mayar da ni abin zance. Amma wanda ya fi damuna gida ne. Maman Sadiya ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba, sai dai daga sannu da zuwa sai ga abinci, shi ke nan hirarmu. In ci gaba ko in haƙura? Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Alhaji na Barnawa:
Wa alaikumus salam. Malam, gaskiya ɗaya ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekarunka abin da ya dace shi ne ka tara ɗan abin da ka samu, ka sayi keke uku, ka kama shago, ka zuba yaran da suka riga suka iya, kai ka riƙe lissafi. Ɗinki yana cin ido, yana cin baya. Ga rashin wuta, ga rigimar masu kaya daren sallah. Yaushe za ka ƙware, yaushe za ka fara cin moriya? In abu ya taɓa zaman lafiyar gida kuma, ni a ganina an gama magana.

Ɗan Rigasa:
Baba Alhaji, da girmanka, ai bai ce kuɗi kaɗai yake nema ba. Ya ce tun yana yaro yake son abin.

Alhaji na Barnawa:
Sha'awa ba ta biyan kuɗin makaranta, ɗana.

Telan Kawo:
Yaya Abban Sadiya, shekarata 22 a kan keke, bari in tambaye ka. A satin farko me ogan naka ya ba ka? In ya ba ka yadi da zare tun ranar farko, to daga nan karkatar ta faro.

Ni ga yadda nake yi wa duk wanda ya zo wurina, yaro ko babba. Kwana uku na farko babu zare, babu ma allura. Ƙafa kawai. Ka tayar da keken da hannun dama, wilin ya juyo ta wajenka, ƙafa ta karɓa, ka riƙe shi yana tafiya a hankali ba tare da ya koma baya ba. Komawa bayan nan ita ke tsinka zare, kuma ita ce ciwon duk sabon hannu. In ƙafa ta zauna, sai a sa allura ba zare, a ba ka takarda mai layi irin ta littafin 'yan makaranta, ka riƙa bin layin, allura tana huda takardar. Ka ɗaga ta a haske, hujin zai nuna maka inda ka kauce. Daga nan a zana maka kwana, a zana da'ira. Sai bayan haka ƙyalle.

Abu na biyu, kada ka kalli allura. Duk mai kallon allura sai ya karkace. Ka kalli bakin yadin da gefen ƙarfen da ke danne shi, ka riƙe tazarar da ke tsakaninsu. Kuma kada ka ja yadi. Akwai haƙora a ƙasa, aikinsu ke nan su tafi da shi, naka kawai ka nuna masa hanya. Manya sun fi yara ja, saboda sun saba komai sai sun sa ƙarfi.

Maganar yara sun fi ka sauri, ai su tun safe suke shagon har dare, wasu shekara biyu suna sa maɓalli da guga kafin su hau keke. Kai awa biyu kake yi. Ka lissafa da kanka ka gani, sati shidan naka bai kai kwana goma na yaron shago ba.

Abban Sadiya:
Allah ya saka da alheri, Oga. Wallahi ranar farko aka ba ni ƙyallen atamfa aka ce in ɗinka. Kuma allurar nake kallo, kamar kana wurin.

Anti Nas:
Ƙari a kan na Oga Tela. Yaya, ka je a auna idonka. Daga shekara 40 zuwa sama ganin kusa yana raguwa ga kusan kowa, ba cuta ba ce, girma ne. Mutane da yawa suna cewa hannunsu ya ƙi alhali ido ne. In ka lura kana nesanta waya da fuskarka kafin ka karanta saƙo, ko zura zare yana ba ka wuya, to tabarau na karatu kake buƙata. Sannan ka duba tsayin kujerar, kada ka yi ta duƙawa, kuma duk bayan minti talatin ka miƙe ka ɗan taka.

Baban Kakuri:
Salamu alaikum. Jikata ce take rubuta mini, ni ina faɗa. Alhaji na Barnawa, na ji maganarka, kuma da can ni ma haka zan ce.

Ku yara ba ku ga Kakuri ba lokacin da take Kakuri. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, unguwar nan ba ta barci. In an tashi aikin dare titi cika yake da kekuna, masu shayi da masu ƙosai har asuba. Ni a ɗaya daga cikin waɗanda suka biyo bayan na yi aiki, shekara 24 ina gaban injin saƙa. Na san kukan injina kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ranar da aka rufe ƙofa na gane cewa abin da na iya ba ya bin mutum gida. Injin na kamfani ne, ni hannu kawai na kawo.

Na yi wata tara ina zaune. Sai na tafi Fanteka, can kusa da Kaduna Poli, ina da shekara 51, na ce a koya mini ƙera kurfoti da bokiti da mazubin abincin kaji. Wanda ya karɓe ni sa'an ɗana na fari ne. Yankan ƙarfe da almakashi bai ba ni wuya ba, guduma ma haka, duk da na sha yanka a yatsu. Abin da ya ba ni wuya shi ne in kira yaron nan Oga, ya duba aikina ya ce Baba wannan bai yi ba a sake, in ce to. Sau biyu ina barin wurin da niyyar ba zan koma ba. Abin da ya mayar da ni, na ga waɗanda muka bar masaƙa tare, waɗanda suka ce girmansu ya wuce koyo, yadda zama ya cinye su. Wasu ba ciwo ne ya kwantar da su ba, rashin inda za su je da safe ne.

Da kurfotin nan na aurar da 'ya'ya huɗu. Malam Abban Sadiya, kai da albashinka kake koyo, ni da yunwa na koya. Kada ka bari.

Alhaji na Barnawa:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Naka dole ce ta sa, kuma ya biya buƙata. Abin da nake cewa ke nan, a koyi abin da zai kawo kuɗi a kan lokaci.

Malama 'Yar Badarawa:
Alhaji, a nan ne ban yarda da kai ba, kuma ina ganin nan ne mu Hausawa muke cutar kanmu. Duk abin da mutum ya ɗauka sai a tambaye shi nawa yake kawowa. In bai kawo ba, wasa ne. Shi ya sa babban mutum a wurinmu ba shi da abin yi tsakanin aiki da barci sai majalisa da waya.

Ni malamar firamare ce. Shekara huɗu da suka wuce na koyi saƙa da kwarashi wurin wata ɗalibata ta dā, ban taɓa sayar da ko hular jariri ɗaya ba, kuma ba ni da niyya. Duk wadda ta haihu a danginmu ina kai mata rigar sanyi da na saƙa da hannuna. Abin da na samu a ciki ba a awo yake ba. In na dawo daga aji mai yara fiye da yadda murya ɗaya za ta iya, kaina kamar zai tsage, minti ashirin da ulu a hannu sai in ji numfashina ya daidaita. Kuma ya canza yadda nake koyarwa. Na manta yadda rashin iyawa yake. Da na zauna ina warware layi guda sau biyar, yarinyar da na koya wa baƙi da wasali tana ce mini Malama a hankali, sai na tuna da yaran da nake yi wa tsawa don sun kasa rubuta ɓ da ɗ.

Ku ciro naira ashirin ku juya bayanta. Matar da ke wurin Ladi Kwali ce. Ta riga ta shahara da ginin tukwane da hannu, irin wanda ta koya wurin gwaggonta, har sarakuna suna ajiye kayanta. Amma a 1954 ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, ta zauna a matsayin ɗaliba tana koyon aiki da injin juyi da gasa tukwane irin na zamani. Gwana ce ta yarda ta koma sabon hannu. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Da ta ce ta wuce koyo, da ba ta cikin aljihunku yau.

Shawarata ga Abban Sadiya ta malaman makaranta ce: kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako. Abin da hannu ya maimaita yau, ya kwana, ya sake gobe, shi ke zama.

Ɗan Rigasa:
Ni ɗaukar hoto da haɗa bidiyo duk a YouTube na koya, da wayar hannu da data ta dare. Yanzu ina ɗaukar biki da walima. Baba Abban Sadiya, akwai masu koyar da yanka da ɗinki da Hausa ma. Ka sayi keke ka ajiye a gida, babu yaron da zai yi maka dariya, kuma ga ka kusa da iyali.

Telan Kawo:
Ɗan Rigasa, bidiyo yana da amfani, ni ma ina ganin sabon yayi a ciki. Amma bidiyo ba ya ganinka. Ba zai ce maka kana jan yadi ba, ba zai ji ƙarar keken ya ce ƙoshiya, wato gidan zaren ƙasa, ba ta zauna ba. Kuma wuyan riga da hammata, sai wani ya kama hannunka. Ya haɗa biyun.

Ɗan Rigasa:
Haka ne Oga. Ni ma sai da na bi wani mai hoto ina riƙe masa fitila wata uku kafin na gane haske.

Maman Walid:
Ku yi haƙuri in katse ku. Tun ɗazu ana ta maganar feda da allura, an bar abin da mutumin ya ce ya fi damunsa. Abban Sadiya, tambaya ɗaya gare ni. Ya aka yi Maman Sadiya ta san ka fara koyon ɗinki? Kai ka faɗa mata kafin ka fara, ko bayan ka fara, ko a waje ta ji?

Abban Sadiya:
Hajiya, kin taɓo wurin. Ban faɗa mata ba. Kunya na ji. Na ce bari sai na iya wani abu tukuna in nuna mata. Sati uku ina cewa aiki ne ya riƙe ni a ofis. Sai matar maƙwabcinmu ta je sayen zare ta gan ni a shagon ina tattara ƙyalle, ta je ta ba ta labari.

Maman Walid:
Innalillahi. To ai ba ɗinki ne matsalarka ba, bawan Allah.

Ka tsaya ka ji yadda abin yake a wurin mace. Mijinki da ya saba dawowa da la'asar ya koma dawowa bayan magariba, sati uku, yana cewa ofis. Wace mace ce a garin nan zuciyarta ba za ta tafi wuri ɗaya ba? Ta kwana tana juyi, ta ce ko aure zai ƙara, ko ya riga ya nema, ko wani abin ne da ya fi haka muni. Ta haɗiye, ba ta tambaya ba don kada a ce ta cika zargi. Rana tsaka maƙwabciya ta shigo har tsakar gidanta ta ba ta labarin mijinta. Ka san abin da ta yi a lokacin? Na rantse murmushi ta yi ta ce ai na sani. Ta rufa maka asiri da ƙarya, sannan ta shiga ɗaki. Wannan murmushin shi kake biya yanzu.

Ba ta ƙi ka zama tela ba. Ta ga cewa yaran shago sun san abin da ke ranka, ita da ta haifa maka 'ya'ya ba ta sani ba.

Alhaji na Barnawa:
Hajiya, kada a kai abin nesa. Ba giya ya je sha ba, sana'a ya je koyo. Namiji ba dole ne duk motsinsa sai ya kai rahoto ba. Mata dai in an biye musu ba a gamawa.

Malama 'Yar Badarawa:
Alhaji, in yaron shagonka ya ce maka ya je banki alhali wani wuri ya je, ko da wurin alheri ne, sati uku a jere, za ka ce ai ba giya ya sha ba?

Anti Nas:
Kuma a daina cewa mata ba a gama musu. Ita wannan ko magana ba ta yi ba.

Alhaji na Barnawa:
Yaron shago daban, mai gida daban.

Mai kula da zaure:
Jama'a a sassauta. Wanda ya kawo maganar ya faɗi gaskiya a kan kansa, kada mu sa ya yi nadamar faɗa. A ci gaba da ladabi.

Ustaz na Kinkinau:
Bismillah. Ta fuskar abokan majalisa tukuna. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta bayyana cewa yana cikin hidimar iyalinsa, kuma ya zo a ruwaya cewa yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci, Annabi Zakariyya kafinta ne. Saboda haka allura ba ta rage wa kowa girma. Neman sani da girma kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, jajis, wato malamai mata da ta horar, suna bin ƙauyuka suna karantar da matan aure da tsofaffi. Kakanninmu kuma da furfurarsu suka shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950.

Amma ɗan'uwa, abin da ka ce wa iyalinka ba gaskiya ba ne, kuma wannan sai an gyara. Alhaji, shugabancin gida amana ce, ba ta halatta a faɗi abin da ba shi ne ba. Ban-haƙuri shi ma abin koyo ne, da yawanmu ba a koya mana ba. Mun taso mun ga iyayenmu maza in sun yi kuskure sai su shigo da tsire ko turmin atamfa, a wuce wurin ba a ce komai ba. Tsire ba laifi ba ne, amma ba ya maye gurbin magana. Ka samu lokacin da yara suka yi barci, ka ajiye waya, ka ambaci laifin da sunansa: na ce miki ina ofis alhali ba can nake ba. Kada ka sa kalmar amma a bayansa. Da ka ce amma, ka koma kare kai. Sannan ka yi shiru ka saurara, ko da abin da za ta faɗa ya wuce maganar ɗinki, don zai wuce.

Maman Walid:
Allah ya biya ka, Malam. In ƙara ɗaya: in ta fara magana kada ka ce to yanzu me kike so a yi. Ba ranar yanke hukunci ba ce. Ka bari ta juye tukuna.

Abban Sadiya:
Na ji, na gode. Ku sa ni a addu'a.

Abban Sadiya:
Salam jama'a. Kwana biyar ban leƙo ba, na ga wasu sun bi ni ta gefe suna tambaya, Allah ya bar zumunci.

Daren Juma'a na yi yadda Malam ya ce. Kalmar amma ta zo bakina ya fi sau uku, na danne. Hajiya Maman Walid, kamar kina ɗakin, har maganar ai na sani ɗin haka ta faɗa wa maƙwabciyar. Ta yi kuka, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Mun kai ƙarfe ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Ta ce shekara 19 muna tare, ban taɓa tambayarta ko akwai abin da take son ta iya ba. Na tsaya ina neman ranar da na taɓa tambaya, babu. Sai na tambaya a wurin. Ta ce mota. Ashe tun ranar da ƙaramin ɗanmu ya yi zazzaɓi mai zafi cikin dare ina Zariya, ga mota a tsakar gida ga makulli a rataye, ta fita titi da yaro a kafaɗa tana neman Keke Napep, tun ranar abin yake ranta. Shekara shida ke nan. Na san labarin daren, amma ban taɓa jin wannan ɓangaren ba.

Na ce ni zan koya mata, ranar Lahadi da safe mu samu fili. Ɗinki kuma ta ce in ci gaba, sai dai in rage zuwa kwana uku, majalisar bayan isha'i kuma na ajiye ta sai ƙarshen mako.

Anti Nas:
Alhamdu lillahi! Wallahi har na ji hawaye. Amma Yaya, don Allah kada ka koya mata da kanka.

Telan Kawo:
Na goyi bayan Anti. Ni na gwada, a rana ta biyu muka dawo gida ba mai yi wa wani magana. Mutum yana iya haƙuri da ɗan wani, ya kasa da nasa. Kuma motarka ce, duk ƙarar da giya ta yi a ƙirjinka za ka ji ta.

Baban Kakuri:
Ni kuma na ce ya gwada. Wanda ake ce wa wannan bai yi ba a sake sau uku a mako, ya san zafin abin, bakinsa zai yi taushi. Da bai shiga shagon tela ba, da ni ma na hana.

Malama 'Yar Badarawa:
Baba ya yi gaskiya ta wani gefen, amma a raba aikin. Ta fara da makarantar koyon tuƙi, motarsu tana da birki a gefen mai koyarwa, kuma dama sai da takardar makarantar da hukumar kiyaye haɗurra ta amince da ita ake samun sabon lasisi. A nemi inda mace ke koyarwa in ta fi sakewa da haka. In hannunta ya ɗan faɗa, sai kai ka zauna a gefe ranar Lahadi tana maimaitawa. Sharaɗi ɗaya, kafin ku tashi ku yi yarjejeniya: in ta ce ya isa, ya isa. Kuma kada a fara da shataletale ko gadar Kawo, a fara da layukan unguwa da sassafe.

Maman Walid:
Kuma ita za a tambaya wanne take so. Kada mu ma mu zauna a nan mu yanke mata kamar yadda aka saba.

Abban Sadiya:
Hajiya kin yi gaskiya, yanzu na miƙa mata wayar ta karanta da kanta. Ta ce a gaishe ku, musamman ke da Baba. Ta zaɓi makaranta tukuna.

Alhaji na Barnawa:
To madalla, Allah ya ƙara danƙon zama. Ni dai har yanzu ina kan bakana a maganar shago, in ka tashi buɗewa ka neme ni mu yi lissafi kafin ka kama haya. Akwai wani keken Butterfly na marigayiya mahaifiyata a ɗakin ajiya, shekara da shekaru ba a taɓa shi ba. In kana so ka turo a ɗauka, ya fi ya yi tsatsa.

Abban Sadiya:
Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa aljanna ce makoma. Na karɓa da hannu biyu, Alhaji. Anti Nas, na je awon ido, tabarau ne kuwa. Oga Tela, na koma takarda mai layi, jiya na cika shafi biyu ban fita ba. Amma da na sa zare na gwada a ƙyalle, sai ya riƙa cukurkuɗewa ta ƙasa kamar gidan tsuntsu. Na cire kwarkwaro, abin naɗe zaren ƙasa, na mayar ya fi sau biyar.

Telan Kawo:
Ka bar kwarkwaro, ba laifinsa ba ne. In zare ya taru a ƙasa, matsalar daga sama take. Ka zare zaren saman gaba ɗaya, ka ɗaga ƙarfen da ke danne yadi, sannan ka sake bi da shi tun daga farko, ka tabbata ya shige tsakanin faya-fayan nan biyu masu matse shi, kuma ya bi ta ƙarfen da ke hawa da sauka. In za ka fara ɗinki ka riƙe bakin zaren biyu ta baya har allura ta yi huji uku. Keken Alhaji kuma kada ka taka shi yadda ya zo. A goge shi, a ɗiga masa man keke a duk ramukan, ba man gyaɗa ba, ya kwana, a sake masa bel da allura lamba 14 ko 16. In kun ɗauko shi ranar Asabar ka kira ni bayan azahar, zan zo in duba ƙoshiyar da kaina.